Waiwaye: Kuza ta Tafi, Hanyoyinta Suna Nan a Ƙasar Godogodo

Yaron da aka haifa a Godogodo bayan shekarar 1990 ya buɗe ido ne ya tarar da tsibin jar ƙasa a bayan gari, da kududdufai masu zurfi a tsakiyar gonaki, da wasu tsofaffin hanyoyi da suka kutsa cikin daji, ciyawa ta cinye rabinsu. In ka tambaye shi wa ya yi wannan aiki, zai ce maka Turawan kuza ne. Iyakar abin da ya sani ke nan. Bai san cewa wataƙila kakansa na cikin waɗanda suka ɗauki ƙasar nan a ka, kwano bayan kwano, har ta zama tudu ba. Bai san cewa baƙin yashin da aka wanke a rafukan garinsu ya hau jirgin ƙasa, ya shiga jirgin ruwa, ya je Ingila aka shafe gwangwanayen abinci da shi ba. Laifin ba nasa ba ne. Mu da muka ji labarin daga bakin masu shi, mu ne ba mu isar ba.

Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kuza ta tafi, kuɗinta sun bi ta, amma hanyoyin da aka bi aka fitar da ita suna nan, kuma su ne gadon da ya rage a hannunmu. In muka gyara su, muka mai da su na kowa da kowa, manomi da makiyayi, ɗalibi da baƙo, mai keke da mai tafiya a ƙasa, za su koya wa 'ya'yanmu tarihin garinsu, su kuma sake haɗa maƙwabtan da tsoro ya raba.

Tun kafin zuwan Bature mutanen arewa sun san kuza. Masu narka ta a Liruwen Kano da Liruwen Dalma suna fitar da ita siri-siri, fatake su kai ta kasuwanni na kusa da na nesa. Ita ce ta faɗa hannun ma'aikatan Kamfanin Neja, ta sa kamfanin ya tura masu bincike su nemo tushenta tsakanin 1902 da 1904. Ba a daɗe ba kamfanoni suka yi ca a kan tsaunukan Jos, daga can suka gangaro ƙasar Jama'a, inda ruwan da ke saukowa daga duwatsu ya daɗe yana tara kuza a cikin kwaruruka. Godogodo na cikin garuruwan da suka yi suna da wannan aiki. Da aka kafa lardin Filato a 1926, ƙasar Jama'a ta shiga cikinsa, ta zama lardi ɗaya da manyan filayen haƙa na Jos da Bukuru.

Da farko a ka ake fitar da kuza. 'Yan dako su ɗauki buhu daga filin haƙa, su bi ta Keffi har Loko a bakin Binuwai, tafiyar kwana da kwanaki. Daga baya aka ja ƙaramin layin dogo daga Zariya, ya haura tudu ya isa Jos da Bukuru a 1914. Amma abin da ya sauya fuskar ƙasarmu daga kudu ya taso. A 1909 aka gano kwal a Udi, kusa da inda birnin Inugu yake a yau, a 1916 kuma jirgi ya fara kai shi Fatakwal. Aka ci gaba da jan dogon zuwa arewa, ta Makurɗi da Lafiya da Gudi da Jagindi, har Kafanchan, inda a 1927 ya rabu biyu: reshe ɗaya ya bi ta Zonkwa ya nufi Kaduna, ɗayan ya bi ta Kagoro da Manchok ya haura Jos. A 1932 aka buɗe gadar Makurɗi, aka daina ƙetarar da taragu a kan ruwa. Shekara ɗaya bayan haka, a 1933, Sarkin Jama'a ya tashi daga tsohon gari ya koma Kafanchan, domin nan ne ciniki da mulki suka tattaru. Ƙaramin layin Zariya ya yi ta jan ƙafa har aka rufe shi a 1957.

Ashe a tashar Kafanchan kwal da kuza suka haɗu. Kwal na hawa, kuza na sauka. Da kwal ɗin Inugu jiragen ke tafiya, da shi kuma aka riƙa hura injunan haƙa a kan tudu. Wanda ya haƙo shi a ƙarƙashin ƙasa a kudu da wanda ya wanke kuza a rafin Godogodo ba su taɓa ganin juna ba, amma gumi ɗaya suka yi wa masu gida ɗaya. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta kan masu haƙar kwal da ke neman haƙƙinsu a kwarin Iva a Inugu, suka kashe mutum 21. Duk wanda ya tsaya a tashar Kafanchan yana tuna zamanin jirgi mai hayaƙi, ya kamata ya tuna da su.

Aikin kuza aikin ƙarfi ne. Sai an kware ƙasar sama, wani lokaci mai zurfin gaske, kafin a iske tsakuwar da kuza ke ciki. Masu diga su fasa, masu shebur su loda, masu kwanon sarki su ɗauka a ka su haura gangare, helima na tsaye yana ƙirga sawu. Daga nan a zuba tsakuwar a magudanar ruwa, yashi mara nauyi ya wuce, kuza ta kwanta. Akwai leburorin da kamfani ke biya mako-mako, akwai kuma masu haƙa da kansu su kai wa kamfani ya auna a sikeli ya biya. A barikokin nan ne Bahaushe da Babarbare da Tibi da Ibo da Bayarabe suka zauna da 'yan ƙasa, Nindem da Kaninkon da Fantswam da Kagoro da Bajju da Ham. Kowa da harshensa da addininsa, amma Hausa ta haɗa su a bakin rami da kasuwa. Garuruwa da dama a yankin nan haka suka tashi, shi ya sa har gobe za ka ga zuriyar mutanen nesa da ba su san wani gida ba sai nan.

Mafi ɗacin zamanin shi ne lokacin yaƙin duniya na biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar rijiyar kuzarta, sai ta juyo kan Najeriya. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi abin da mutane suka kira diban gwamna: a raba wa hakimai da dagatai adadi, su tattaro maza daga larduna a kai su filin kuza ko suna so ko ba sa so. Dubban manoma aka raba da gonakinsu. Da yawa sun mutu saboda sanyin tudun Jos da ƙarancin abinci da cututtukan bariki. A 1943 kuzar da Najeriya ta fitar ta haura tan dubu 17, adadin da ba a sake kaiwa ba. Babu wani allo a gefen hanya da ke ɗauke da labarin waɗannan bayin Allah.

Wani dattijo da ya yi leburanci a filin kuza yana saurayi ya taɓa nuna mini yadda ake wankin. Ya ɗebo yashi a gefen rafi da ƙwarya, ya tsoma ta a ruwa, ya riƙa juya ta a hankali yana karkata bakinta. Farin yashi ya yi ta zubewa har ya rage ɗan baƙin gari a gindin ƙwaryar, bai fi cikin cokali ba. Ya juye mini a tafin hannu, na ji ya danne hannun fiye da yadda ido ya nuna.

Na ce, "Baba, a kan wannan ɗan abin aka tona duk ƙasar nan?"

Ya ce, "A kansa ne, ɗana. Mu muka tona, mu muka ɗauka, iyayenku mata suka wanke. A biya mu ƙarshen mako, kafin wani ya zagayo kuɗin sun ƙare a kasuwar bariki. Da kamfani ya tashi, ya kwashe ƙarafansa ya bar mana ramuka."

Sannan ya ɗaga sandarsa ya nuna wata shimfiɗaɗɗiyar hanya da ta bi gefen tudu. Ya ce ta nan motar kamfani ke shigowa ɗaukar buhuna, can gaba kuma inda mangwarori suka yi layi nan ne gidan manaja yake. Shi yana ganin duk wannan. Ni kuwa ciyawa da itatuwa kawai nake gani, sai da ya faɗa. A nan na fahimci cewa tarihin wurin nan yana cikin kawunan tsofaffi ne kaɗai, kuma ranar da suka kau, tudu zai koma tudu kawai.

Diga da shebur ɗin 'yan kuza sun tono abin da ya fi kuza daraja, ba tare da sun sani ba. A 1928 aka tsinci wani ɗan kan yumɓu a filin haƙa na ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba. A farkon shekarun 1940 kuma, a wani filin kuza kusa da Jama'a, aka tono kan mutum na gasasshen yumɓu, da ido da hanci da gyaran gashi, aikin gwani. Ma'aikacin da ya same shi ya kai shi gonarsa ta doya ya kafa don korar dabbobi, har labari ya kai ga wani Bature mai suna Bernard Fagg a Jos. Da ya haɗa shi da wanda aka samu a Nok, ya gane hannun al'umma ɗaya ne. Daga nan duniya ta san wayewar Nok. Waɗannan kayan na cikin abin da aka kafa gidan tarihi na Jos da su a 1952. Masu bincike daga jami'ar Frankfurt ta Jamus, da suka fara aiki a yankin tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya a 2005, sun nuna cewa tushen wannan wayewa ya kai kimanin shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Mutanen nan sun yi noma, sun gasa yumɓu, daga baya sun narka tama. Sanannen kan nan da ke cikin littattafan tarihin fasaha a ko'ina, sunan Jama'a yake ɗauke da shi. Amma yara nawa ne a makarantun Godogodo da Gidan Waya aka taɓa kai su su ga irin ƙasar da ya fito? Ɓarayin kayan tarihi sun fi mu sanin darajarsa, shi ya sa suka yi ta tonawa suna fitarwa waje.

Bayan yaƙi kasuwa ta ɗan ƙara armashi a shekarun 1950, lokacin da Amurka ke sayen kwalambayit, wanda da can ake watsarwa tare da yashi. A farkon shekarun 1960 aka kafa masana'antar narka kuza a Jos. Daga nan sai gangara. Kuzar da ke kusa da sama ta ƙare, wadda ta rage sai da manyan injuna. Man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati. Dokar mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sa Turawa da yawa suka tattara nasu ya nasu. A watan Oktoba na 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Landan, farashi ya faɗi warwas. Kwal ma haka ta same shi: jiragen ƙasa suka koma shan dizal, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya durƙusar da ramukan Inugu. A hankali jirgin kansa ya yi ƙaranci har ya ɗauke ƙafa, Kafanchan da aka gina a kan dogo ta koma dogaro da mota.

Ba mu kaɗai wannan ta faɗa wa ba. Yankin Cornwall a kudu maso yammacin Ingila ya shafe ɗaruruwan shekaru yana haƙar kuza da tagulla, har raminsa na ƙarshe, South Crofty, ya rufe a 1998. Mutanen wurin ba su bar kufai ya zama juji ba. Tsofaffin hanyoyin da taragu ke bi daga ramuka zuwa bakin teku suka share, suka mai da su hanyar masu tafiya a ƙasa da masu keke da mahaya dawaki, suka toshe ramuka masu haɗari, suka kafa alluna masu bayani. A 2006 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya. A Amurka, tsofaffin layukan dogo da suka ratsa ƙasar kwal tsakanin Pittsburgh da Cumberland sun zama hanyar keke da ƙafa mai tsawon kilomita 240, wadda aka kammala a 2013, ƙananan garuruwan da suka mutu bayan rufe ramuka suna samun na cefane daga masu wucewa. A Taiping ta Malesiya tun 1880 aka mai da tsohon filin kuza lambun shaƙatawa mai tafkuna. A nan kusa da mu ma, tafkin Rayfield da mutanen Jos ke zuwa hutawa tsohon ramin kuza ne.

Ban kawo waɗannan don mu kwaikwayi Bature ido rufe ba. Shi yana neman wurin motsa jiki ne ranar hutu. Mu kuwa hanya abincinmu ce. A kanta mace ke ɗauko itace da doya, a kanta ɗan makaranta ke sammako, a kanta mai babur ke kai mara lafiya asibiti, a gefenta shanu ke gangarawa mashaya. Tamu hanyar tun asali ta jama'a da yawa ce. Abin da ya rage shi ne a san da ita, a gyara ta, a ba ta haƙƙinta.

Ga kuma abin kallo da Allah Ya hore wa yankin, wanda ko sisi ba mu kashe a kansa ba. Mai tafiya zai iya farawa daga tashar Kafanchan, ya ga inda dogo ya rabu da gidajen ma'aikatan reluwe na da. Ya fita bayan gari ya isa Matsirga, inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse, ƙararsa ta riga ganinsa isa kunne, feshinsa ya jiƙa masa riga tun bai matsa kusa ba. Ya juya ya fuskanci duwatsun Kagoro da suka tokare sama, waɗanda a gindinsu ake bikin Afan kowace ranar 1 ga Janairu. Daga Kagoro hanya ta gangara Gidan Waya, ƙasa ta fara sauya kama: kurmi ya yi duhu a bakin rafuka, kwakwar manja ta miƙe tsakanin ɗorawa da kaɗanya, kunyoyin doya da gonakin citta da rogo suka bi gangare. Ta gefen hanyar Jos ga dajin Nimbiya da aka dasa. Sai Godogodo da filayen kuzarta. Mai sauran ƙarfi ya miƙa yamma ta Jagindi, ya ƙarasa ƙasar Jaba ya ga Nok, in ya dace da lokaci ya halarci bikin Tuk Ham a Kwoi.

Wanda yake son ganin wurin a kan ganiyarsa ya zo a ƙarshen damina, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, kafin hazo ya sauko. A lokacin tsibin jar ƙasar nan sun yi kore, rafuka na gudu, ruwan kududdufai ya kwanta har kana ganin gajimare a cikinsa. In ka hau ɗaya daga cikin tuddan da safe, za ka ga tsarin aikin gaba ɗaya: ga inda aka kware, ga inda aka zubar, ga sawun lambatun da aka jawo ruwa da shi daga nesa. Gani ya kori ji. Darasin da malami zai yi mako yana yi a allo, yaro zai ɗauke shi a safiya ɗaya a kan tudun nan.

Sai dai kyan kududdufin kuza da haɗari yake tafe. Bakinsa a tsaye yake, ba ya gangara a hankali irin na tafkin Allah, ƙasansa kuma laka ce mai riƙe ƙafa. A ƙasar kuza an sha rasa yara da dabbobi a irinsu. Ga ramukan loto da masu haƙar hannu ke bari a buɗe cikin ciyawa. Masana sun kuma yi gargaɗi cewa ragowar yashin da aka tace kuza da kwalambayit daga cikinsa na iya ɗauke da sinadarai masu cutarwa, bai kamata a yi gini da shi ko a bar yara su yi wasa a kansa ba. Saboda haka gyaran hanya ba ado ba ne. Shi ne zai sa a ƙirga ramukan, a cike na cikewa, a kewaye na kewayewa, a auna ruwan a san wanda ya dace da lambu ko kiwon kifi, kamar yadda manoman rani a Filato suka daɗe suna amfana da nasu.

Na san abin da mai karatu daga yankin zai ce: ana maganar tsira da rai, wa ke ta yawon buɗe ido? Gaskiyarsa. Ƙasar nan ta sha wuya. An yi rikicin Kafanchan na Maris 1987, an yi na bayan zaɓen 2011. A Maris 2016 wakilan al'ummomin kudancin Kaduna suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan, amma kafin shekarar ta fita, a watan Oktoba, aka kai wa Godogodo hari, aka kashe mutane, aka ƙone gidaje, jama'a suka watse. Raunin bai gama warkewa ba, kuma babu ɓangaren da bai yi kuka ba. Ba wanda zai gayyato baƙo ya bi hanyar da mai gona ke tsoron bi.

Amma abin da shekarar 2016 ta koya mana shi ne sa hannu a takarda a zauren taro bai isa ba, in mutanen da ke ƙasa ba sa haɗuwa. Zumunci a ƙafa yake. Yawancin husumar manomi da makiyayi a kan hanya take farawa: an toshe burtali da shuka, ko an saki shanu sun faɗa gona, ko an hana mashaya. In mai unguwa da arɗo da limami da fasto da shugabar mata da shugaban matasa suka fita tare, suka taka hanya ɗaya da ƙafafunsu, suka tsaya suka ce nan ne shanu za su ƙetara, nan ne mashaya, nan ne iyakar gona, nan za a dasa itace, to sun yi abin da takarda ba ta iya yi. Hanyar da aka shata tare, tare ake tsaron ta. Kakanninsu sun ɗauki kwano ɗaya a rami ɗaya ba tare da sun tambayi juna addini ba, kuma wannan ma tarihi ne da ya cancanci a rubuta a allo a gefen hanya.

Akwai wani dalilin da ya sa maganar ba ta jira. Haƙa ta dawo. An daɗe ana neman duwatsu masu daraja irin su safaya a kewayen Gidan Waya. A 2016 aka ba da sanarwar gano nikel a Dangoma, cikin ƙaramar hukumar Jama'a. Maƙwabtanmu na Nasarawa suna cikin hadahadar litiyam. Masu jari za su zo da alkawura irin waɗanda aka yi wa kakanninmu. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara, ya kuma gyara ƙasar bayan ya gama. Amma doka ba ta aiki da kanta, sai al'umma ta san haƙƙinta ta tsaya a kansa. Gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010 ta isa gargaɗi. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Duk basaraken da za a kawo wa takarda ya sa hannu, ya fara zagaya tsofaffin ramukan Godogodo tukuna, ya tambayi kansa: bayan shekara 40, me waɗannan za su bar wa jikokina? Arzikin cikin ƙasa yana ƙarewa. Ƙasar da ruwanta da maƙwabcin da ke kanta su ne ba sa tashi.

Aikin ba ya buƙatar biliyoyi kafin a fara, kuma ba ya buƙatar a taɓa dogo. Tun 2021 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, muna fatan ranar da jirgi zai sake tsayawa a Kafanchan, don haka a bar masa hanyarsa. Abin da ke hannunmu shi ne hanyoyin kamfani na da, da turbobin gona, da burtalai. A zaɓi guntu ɗaya kusa da gari, wanda za a iya zuwa a dawo da rana tsaka. Masarauta ta kira gayya a share shi. Ƙaramar hukuma ta sa kwalbati inda ruwa ke yanke shi. A dasa mangwaro da ɗorawa a gefe don inuwa. A kafa alluna da Hausa da harsunan 'yan ƙasa da Turanci. Matasan gari su zama 'yan rakiya, mata su kawo abinci da zuma da citta. Makarantun firamare da sakandare su ne baƙin farko, ba sai an jira na ƙetare ba.

Kafin duk wannan akwai abin da ya fi gaggawa. Dattawan da suka ɗauki kwanon sarki, da iyayenmu mata da suka yi wanki a rafi, da tsofaffin ma'aikatan reluwe, sun yi ƙaranci, kuma kowace shekara raguwa suke yi. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan suna da wayoyi a aljihunsu, malamansu kuma suna neman abin da za su ba su na bincike. A tura su gida-gida cikin ranin nan, su durƙusa su gaida tsofaffi, su naɗi muryoyinsu, su bi su a nuna musu inda bariki yake da inda sikeli yake da inda aka binne waɗanda rami ya rufta da su. A rubuta, a zana taswira, a ajiye kwafi a fada da makaranta. Daga wannan taswira hanyar za ta fito. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya zaunar da ƙasar Jama'a da kudancin Kaduna baki ɗaya lafiya.